Abin da yawun sauro ke bari a jininka: tarihin wani bincike da ya ratsa Ambursa da Garki

Idan ka taɓa kwana a Gummi cikin watan Agusta, lokacin da Gulbin Zamfara ya cika ya tumbatsa, fadamu duk sun sha ruwa, to ba sai an yi maka dogon bayani a kan sauro ba. Gari na wayewa za ka ga ƙafafunka da hannuwanka sun yi ruɗu-ruɗu, kana ta susa. Sai dai ba hujin da sauro ya yi maka ne ke kawo wannan ƙaiƙayi ba. Yawunsa ne, ko miyau kamar yadda aka fi faɗa a yammacin ƙasar Hausa. Macen sauro ce ke cizo, namiji ruwan furanni kawai yake sha, kuma ba ta zuƙar jininka sai ta fara tofa maka wani ɗan ɗigo da ido ba ya iya gani.

Ta cikin wannan ɗigon ƙwayar cutar maleriya ke shiga jiki. A cikinsa kuma akwai furotin kusan iri 70, kowanne da aikinsa. Binciken ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka duba jininsu, kashi 22 cikin 100 na ɗauke da cutar a faɗin Najeriya. A Legas bai kai kashi 3 ba, a Kebbi kashi 49, a Zamfara kuwa ya wuce yaro ɗaya cikin uku. Ka ga ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Labarin yadda aka gano abin da ke cikin yawun nan ya faro ne a 1881, kuma ya biyo ta ƙasarmu har sau biyu. Bari mu bi shi daki-daki, don a ƙarshensa akwai abin da ya shafi Anka da Gummi da Bukkuyum kai tsaye.

Zaren da ya fi ƙarfin ɓuya

Kafin mu shiga, ga kalmomi uku da za ka riƙe. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan tubala da ake kira ƙwayoyin halitta. A cikin kowace akwai dogon zaren DNA da aka naɗe shi dami-dami, kowane dami sunansa kuromosom. Ƙwayar gado kuma wani yanki ne na wannan zare, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a ƙera furotin guda.

A 1881 wani masani a birnin Paris mai suna Édouard-Gérard Balbiani ya ɗauko tsutsar wani ƙwaro da ake kira Chironomus. Ƙwaron kamarsa ɗaya da sauro amma ba ya cizo, tsutsarsa kuma ja ce, tana zaune cikin taɓon ƙasan tafki. Balbiani ya ciro jakar yawunta ya sa ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga wasu kakkauran zaruruwa masu ratsi-ratsi kamar bargon luru. Ya zana su, ya bayyana su, amma a lokacin ba wanda ya san mene ne su.

Sai da aka yi shekara 52 kafin a warware. A 1933 Theophilus Painter a Amurka, da Emil Heitz da Hans Bauer a Jamus, suka nuna cewa zaruruwan nan kuromosom ne, sun yi girman da ya fi na sauran sassan jiki nesa ba kusa ba. Dalilin girman shi ne, jakar yawun tsutsa masana'anta ce da ake so ta fitar da furotin mai yawa cikin 'yan kwanaki. Don haka ƙwayoyin halittarta suna ta kwafar zaren DNA ba tare da sun rabu gida biyu ba. A ɗan ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, wanda masana ke kira Drosophila, ana ninkawa har sau 10, wato sili 1,024 ke nan kwance gefe da gefe. Silin rama guda da ƙyar za ka hango shi, amma idan aka tufka dubu ai ya zama igiya.

A 1935 Calvin Bridges ya zana taswirar ratsin kuromosom na wannan ƙuda, ya kasa ta kashi 102, kowane ratsi da lambarsa. Daga nan mai bincike ya sami ikon ya nuna da yatsa ya ce ƙwayar gado kaza a nan take zaune.

Kumburin da ya nuna ana aiki

A wasu wurare zaren yakan buɗe ya kumbura, kamar igiyar da tufkarta ta warware. Balbiani ya ga manyan irin wannan kumburi, har yau da sunansa ake kiransu. A 1952 wani Bajamushe, Wolfgang Beermann, ya ce kumburin alama ce ta ƙwayar gado da ke kan aiki, an buɗe wurin ne don a karanta umarnin da ke ciki.

Faɗa daban, kawo hujja daban. Hujjar ta zo a 1961. Tsutsar Chironomus da yawunta take saƙa wa kanta ɗan bututun da take zama a ciki. Beermann ya lura cewa a cikin jinsi biyu masu kusanci, ɗaya yana fitar da wasu ƙananan gudaji a yawunsa kuma yana da ƙarin kumburi a kuromosom na huɗu, ɗayan kuwa ba gudajin, ba kumburin. Da ya haɗa su barbara ya bi zuriyarsu, sai ya tarar duk wanda ya gaji kumburin ya gaji gudajin, wanda bai gaji wannan ba bai gaji wancan ba. A 1975 Günter Korge ya yi makamancin haka a Drosophila, inda ya gano mazaunin ƙwayar gadon wani furotin na gam da tsutsar ke tofarwa ta manne kanta a jikin abu kafin ta rikiɗa ta zama ƙuda. Sunan ƙwayar gadon Sgs-4.

Wato tun kafin a sami injin karanta DNA, jakar yawun ƙwari ta ba mutane damar ganin ƙwayar gado da ido, da ganin furotin ɗin da take fitarwa.

Hanya ta biyu: likitan da ya bi ƙwayar cuta

Yayin da waɗancan ke fama da tsutsotsi, likitoci na can suna neman yadda maleriya ke yaɗuwa. Ranar 20 ga Agusta 1897, a Secunderabad ta ƙasar Indiya, Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a jikin tumbin wani sauro da ya sha jinin majinyaci. A watan Yuli 1898, yana aiki da maleriyar tsuntsaye a Kalkata, ya bi sawunta har ya tarar da ita cunkushe a jakar yawun sauron. Cikin watannin da suka biyo baya Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar cewa maleriyar mutane sauron Anofilis ne kaɗai ke ɗaukarta.

Ga yadda abin yake. Sauro ya sha jinin mai cutar, ƙwayar ta hayayyafa a jikin tumbinsa, bayan kamar kwana 10 zuwa 14 dubban 'ya'yanta su fashe su nufi jakunkunan yawu guda biyu da ke cikin ƙirjinsa. Daga ranar, duk wanda ya ciza yana cikin haɗari. Sauron da ya mutu kafin waɗannan kwanaki su cika ba ya yaɗa komai, kuma a kan wannan lissafi aka gina dabarar fesa magani a bangon ɗaki: a kashe shi sa'ad da ya sauka hutawa bayan ya ƙoshi.

Waɗannan hanyoyi biyu, ta masu nazarin gado da ta likitoci, sun yi shekaru ba su haɗu ba. A arewacin Najeriya aka sami abin da ya haɗa su.

Ambursa, 1955

A 1954 aka fara wani aikin gwaji na yaƙi da maleriya a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kebbi, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. A lokacin Anka da Gummi da Bukkuyum duk cikin lardin suke, don sai 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiri Jihar Zamfara. An raba yankin gwajin shiyya-shiyya, ana fesa DDT a wata, dildirin a wata, BHC a wata. Da farko sauro ya yi ƙasa ƙwarai. Amma zuwa ƙarshen 1955, a ƙauyen Ambursa, aka tarar da sauro zaune daram a bangon da aka fesa wa dildirin.

Aka kai irin sauron Ambursa zuwa Landan, wurin George Davidson na Cibiyar Ross. Shi kuma ya haɗa shi barbara da irin sauron Legas wanda maganin ke kashewa, don ya ga yadda ake gadon wannan taurin kai. A 1956 ya bayyana cewa ƙwayar gado guda ɗaya tak ce ke da alhaki. Amma ya ci karo da wani abin da bai je nema ba: 'ya'ya mazan da aka samu daga wannan haɗi ba sa haihuwa. Kai da ka san alfadari ka san ma'anar wannan. Jaki da goɗiya za su iya haihuwa, amma ɗan ba ya barin zuriya, domin iyayen ba jinsi ɗaya ba ne.

Davidson ya ci gaba da haɗa sauro daga sassan Afirka daban-daban, zuwa farkon shekarun 1960 ta tabbata cewa abin da ake kira Anopheles gambiae ba jinsi ɗaya ba ne. A cikin masu hayayyafa a ruwan daɗi akwai biyu da suka fi yaɗuwa, aka sa musu A da B. Ko ƙwararre ya sa su a madubi ba zai bambanta su ba, amma halinsu ba ɗaya ba. B, wanda yau ake kira Anopheles arabiensis, ya fi jure fari, yana cizon shanu kamar yadda yake cizon mutum, kuma yakan huta a waje. A kuwa ya fi manne wa mutum da ɗakinsa.

Matsalar ita ce hanyar tantancewa. Sai ka yi kiwon sauro, ka haɗa shi barbara, ka jira makonni, sannan ka feɗe 'ya'yan. Wa zai yi wannan ga dubban sauro a ƙauye?

Coluzzi da mutanen Garki

Nan ne zaren Balbiani ya yi rana. A 1967 wani matashin masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, tare da Adriana Sabatini, suka duba manyan kuromosom na jakar yawun tsutsar sauro, suka nuna cewa jerin ratsin A ya bambanta da na B. Shekara guda bayan haka Coluzzi ya gano cewa ana samun irin waɗannan manyan kuromosom a mahaifar ƙwan macen sauro da ta sha jini. Ke nan za a iya kama sauro a ɗaki da safe, a san jinsinsa ba tare da kiwo ba.

An gwada wannan dabara sosai a Garki, wadda ke Jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 gwamnatin Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken maleriya da aka taɓa yi a Afirka. A damunar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin furofoksur a ƙauyuka 164. Ƙarfin sauro na yaɗa cuta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da cutar a jini bai ragu ba sai da kamar kashi 25. Yaya aka yi haka?

Dalili na farko shi ne cizon ya yi yawan da ko an rage kashi 90, abin da ya saura ya isa. Dalili na biyu Coluzzi da abokan aikinsa ne suka fito da shi a 1979, bayan sun karanta kuromosom na sauro daga kurmin kudu har zuwa sahel. Sun ga cewa a wasu sauro wani dogon yanki na kuromosom ya juya, kansa ya koma ƙafa, kamar a yanke tsakiyar tasbaha a mayar da shi a birkice. Mafi shahara shi ne wanda ake kira 2La. A jinsin A, wannan juyi kaɗan ne a kurmin kudu, yana ƙaruwa yayin da kake yin arewa, har ya kusa mamaye duka a busasshiyar ƙasa irin tamu. Sun kuma ga cewa yawan wasu juye-juyen ya bambanta tsakanin sauron da aka kama cikin ɗaki da wanda aka kama a waje. Ma'ana, hutawa a waje ba dace ba ne kawai, akwai hannun gado a ciki. Kashin sauron da ke cizo ya fice bai taɓa bango ba, feshi ba ya samunsa, kuma shi ke riƙe da cutar.

Daga baya aka gano cewa ƙwayar gadon jure dildirin, irin wadda ta bayyana a Ambursa, a cikin yankin 2La take zaune. Tun 1993 gwajin DNA ya maye gurbin karatun ratsi wajen tantance jinsi. Coluzzi ya rasu a 2012, a 2013 kuma aka raba jinsin A gida biyu, aka sa wa ɗaya Anopheles coluzzii don tunawa da shi.

To, me ke cikin yawun?

Har zuwa nan an yi amfani da jakar yawu ne a matsayin taga. Abin da take fitarwa a babban sauro kuwa, sai a shekarun 1980 aka duƙufa a kansa, kuma wani masani ɗan Brazil, José Ribeiro, na cikin waɗanda suka ja gaba.

Ka tuna cewa jikinka ba ya ba da jini da daɗin rai. Da zarar an huda jijiya, sai ta tsuke. Wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet su taru su toshe ƙofar. Jinin wurin ya daskare. Sannan a saki sinadarin histamin, wurin ya yi zafi da ƙaiƙayi, ka kai mari. Sauro na da minti ɗaya ko biyu ya shawo kan duk waɗannan. A 1984 Ribeiro da abokan aikinsa suka yanke bututun yawun wasu sauro, sai suka ga suna ta lalube cikin fata na tsawon lokaci kafin su sami jini.

A hankali aka gano makaman ɗaya bayan ɗaya. Akwai afires, wanda ke lalata sinadarin da filatilet ke kiran junansu da shi. Akwai anofelin, da aka bayyana a 1999, wanda ke riƙe turombin, sinadarin da ke sa jini daskarewa. Akwai dangin D7, waɗanda ke tsotse histamin da makamantansa kamar soso, don kada ka ji da wuri. A Anopheles gambiae ƙwayoyin gadon D7 guda 8 ne, jere kusa da juna a kuromosom na uku, alamar cewa guda ce ta yi ta kwafar kanta tun zamanin da, kowane kwafi ya kama nasa aiki. Yawancin waɗannan a jakar yawun mace kaɗai suke aiki. Namiji yana ɗauke da ƙwayoyin gadon, amma a kulle suke, tunda ba ya neman jini. Ƙaiƙayin da kake ji daga baya kuwa martanin garkuwar jikinka ne ga waɗannan baƙin furotin.

Kaska da kuɗin cizo da ƙudan tsando duk suna fuskantar matsala iri ɗaya, amma kowanne da nasa makamai, domin kowanne ya koyi shan jini ne a nasa lokaci.

A 1999 Bruno Arcà, yana aiki tare da Coluzzi a birnin Rum, ya fara farautar ƙwayoyin gadon yawun Anopheles gambiae da sababbin dabaru. A watan Oktoba 2002 aka fitar da cikakken karatun DNA na wannan sauro, haruffa kusan miliyan 278. Zuwa 2005 an jera furotin ɗin yawu kusan 70, da yawansu ba a san makamancinsu a wata halitta ba. Da aka kwatanta DNA na jinsin Anofilis 16 a 2015, sai aka ga ƙwayoyin gadon yawu na cikin masu saurin sauyawa. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne garkuwar jikin waɗanda ake cizo tana gane su tana yaƙarsu, don haka sauron da nasa furotin ya ɗan sauya kama shi ke samun ci.

Jini yana riƙe lissafi

A cikin jerin akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai suna gSG6. A 2009 aka kulle ƙwayar gadonsa a ɗakin gwaji, sai sauron ya riƙa daɗewa yana lalube, shan jininsa ya ragu. Amma darajarsa a wurinmu wata ce daban: Anofilis ne kaɗai ke da shi. Sauron kwata mai kuka a kunne, wato Culex, ba shi da shi, haka ma Aedes mai kawo shawara da dengi.

Don ka ga amfanin wannan, duba yadda ake ƙirga cizo tun zamanin Garki. Mutum zai zauna daga magariba zuwa asuba, ya naɗe wando zuwa gwiwa, da tocila da ɗan bututu a hannu. Duk sauron da ya sauka a ƙafarsa sai ya zuƙe shi ya adana. Har gobe wannan ce hanyar da ake auna sauran hanyoyi da ita. Sai dai tana da tsada, tana sa mai kamun cikin haɗarin cuta, kuma abin da take aunawa cizon babban mutum ne da ke zaune a farke, ba na yaron da ke barci a bayan uwarsa ba.

Jikinka kuwa, duk lokacin da Anofilis ya cije ka, yana ƙera sojojin garkuwa na musamman a kan gSG6. Kuma waɗannan sojoji ba sa daɗewa, idan cizo ya tsaya sukan ragu cikin makonni zuwa 'yan watanni. Wannan gajeren rai shi ne amfaninsu, don suna ba da labarin kwanan nan ne, ba na shekarun baya ba. A 2008 Anne Poinsignon da Franck Remoue da abokan aikinsu suka gwada wani guntu na furotin ɗin a jinin yara a Senegal, suka ga martanin yana tafiya da yawan cizo. A 2010, a Lobito ta Angola, Papa Makhtar Drame ya ga martanin ya sauka bayan an raba gidajen sauro, sannan ya sake hawa bayan 'yan watanni, lokacin da amfani da gidajen ya yi rauni. A Burkina Faso a 2011 an ga yana hawa da damina yana sauka da rani. Wani nazari na 2021 da ya tattara bincike masu yawa ya tabbatar da alaƙar, musamman a Afirka inda dangin gambiae suka fi yawa.

Abin da wannan ke nufi a yammacin Zamfara

Yanzu dawo da hankalinka gida. A halin tsaron da ake ciki, wa zai tura ma'aikaci ya kwana a waje da tocila a ƙauyukan Anka ko Bukkuyum? Alhali kuwa yanayin cizo a yankin ya sauya. Dubban mutane sun baro ƙauyukansu sun taru a garin Anka da wasu manyan garuruwa, wasu na kwana a kangaye da rumfuna inda ko wurin ɗaura gidan sauro babu. Ramukan haƙar zinariya irin na wajen Bagega suna tara ruwan sama, kuma ɗan ruwa mai shan rana shi ne abin da dangin gambiae suka fi so su yi ƙwai a ciki. Ambaliyar da ta afka wa Gummi a Agustan 2024 ta raba iyalai da yawa da ɗakunansu a daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Wane rukuni ne ya fi shan cizo? Gidajen sauron da aka raba suna aiki kuwa? Daga wane wata cizo ke farawa, a wane wata yake janyewa? Amsoshin nan su ke nuna inda ya kamata a kai kaya, da watannin da ya dace a riƙa bai wa yara maganin kariya na damina.

Gwajin gSG6 ba ya buƙatar kowa ya kwana a waje. Ɗigon jini daga yatsa, irin wanda ake ɗiba kullum a asibiti don gwajin maleriya, idan aka ɗiga shi a takarda mai shan ruwa ya bushe, ana iya kai shi ɗakin gwaji a Gusau ko Sakkwato, da yardar iyayen yaron. Dabarar aunawar, wadda ake kira ELISA, sananniya ce a ɗakunan gwajin jami'o'i da manyan asibitoci.

Amma kada a yi masa kallon abin da ba shi ba. Har yanzu kayan bincike ne, bai zama gwajin yau da kullum ba. Ba ya bambanta cizo mai cuta da marar cuta. Ba ya faɗa maka ko gambiae ne ko arabiensis ya yi cizon, balle ko a ɗaki ne ko a tsakar gida, wato tambayar da Garki ta tayar tana nan sai an kama sauron kansa. Martanin mutum biyu da suka sha cizo iri ɗaya yana iya bambanta, kuma a wuraren da cizo ya yi yawa martanin yakan yi sanyi yayin da mutum ke girma. Saboda haka ya fi amfani wajen kwatanta unguwa da unguwa ko wata da wata, musamman ta hanyar yara, ba wajen yanke hukunci a kan mutum ɗaya ba.

Akwai kuma masu ƙoƙarin mayar da yawun kansa rigakafi. A 2020 aka wallafa sakamakon gwajin matakin farko a Amurka, inda aka yi wa mutane allurar wasu guntaye 4 na furotin ɗin yawun Anopheles gambiae. Mutum 49 suka shiga gwajin, allurar ba ta nuna wata babbar illa ba, garkuwar jiki kuma ta amsa. Wannan mataki ne na duba lafiyar allura kawai, bai kai ga nuna tana hana cuta ba. Rigakafin R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 daban ne. Shi yana koya wa jiki ya gane rigar ƙwayar cutar a daidai siffar da take fitowa daga jakar yawu, wato siffar da Ross ya gani a 1898.

Abu ɗaya da za ka iya ɗauka daga nan ka yi aiki da shi tun daren yau: ƙaiƙayi ba ma'aunin cizo ba ne. Wanda ya shekara da shekaru ana cizonsa, fatarsa takan daina kumbura, shi ya sa za ka ji magidanci na cewa ai shi sauro ba ya cizonsa, har ya bar gidan sauro a naɗe. Ana cizonsa, jikinsa ne ya daina ƙara. Anofilis kuma ya fi yin aikinsa cikin tsakar dare, lokacin da kowa ya yi nisa a barci. Don haka rashin ganin ƙuraje a jikin yaro da safe ba hujja ba ce ta cewa ya kwana lafiya. A sa shi cikin gidan sauro ko ba a ji kuka ba, a karɓi maganin damina duk wata idan masu rabo sun zo, in kuma masassara ta kama shi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira gobe.